Zare: Ina ɗan Baturiya zai koyi sauraron mutanensa?

1/ Zaren nan zai yi tsawo, ku yi haƙuri. Magana ce a kan yadda ɗaliban digiri na biyu a fannin ba da shawara da halayyar ɗan Adam ke neman gurbin horo a asibiti. Ni ɗan aji huɗu ne, daga Baturiya ta ƙaramar hukumar Kiri Kasamma. In Allah Ya kai mu, layin nan zai zo kaina, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. 🧵

2/ Bari in fara da dariya kafin mu shiga ɓacin rai. Ranar da na ce wa kakata karatun kaunsilin nake yi, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Allah Ya sa ka ci zaɓe, ɗan nan." Ita a tunaninta kansila zan zama. Har yau in na je gida sai ta tambaye ni yaushe za a fara kamfe. 😂

3/ Ba ita kaɗai ba ce, don haka ga bambancin a taƙaice. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne, shi ke rubuta magani. Masanin halayya na asibiti yana yin gwaji, yana kuma jinya ta hanyar tattaunawa. Mai ba da shawara yana zama da wanda damuwa, rashi, rikicin aure ko shaye-shaye suka sha kansa, tun kafin abin ya kai ga kwanciya a gado.

4/ Na biyu da na ukun nan, kayan aikinsu kunne ne da harshe. Kuma mu 'yan bakin kogi mun san ba wanda ya taɓa iya iyo daga labari. Sai an saka ka a ruwa, wani babba yana tsaye kusa, in ka fara shan ruwa ya cafko ka. Gurbin horon asibiti shi ne ruwan, mai duba aikinka shi ne babban da ke tsaye.

5/ Yadda ya kamata abin ya tafi: da farko ka zauna gefe ka ga yadda ƙwararre ke karɓar mutum. Sai a bar ka ka ɗauki tarihin mai jinya. Sai ka fara zama da shi kai kaɗai, ka rubuta bayani. Duk mako ka kai wa mai duba aikinka, ya ce nan ka yi gaggawa, nan ka yi wa'azi maimakon ka saurara, nan ka manta ka tambaye shi ko yana tunanin hallaka kansa.

6/ Wannan zaman na mako-mako shi ne horon. In ka cire shi, abin da ya rage yawo ne cikin farar riga. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

7/ Yanzu ga abin da na gani da idona. Yayata ta yi digiri na biyu a wannan fanni. Da lokacin horo ya zo, sashensu ya ba ta wasiƙa mai tambari, aka ce ta je ta nemi wuri. Shi ke nan. Babu jerin wuraren da ke karɓa, babu ranar buɗewa ko rufewa, babu wanda ya ce ga adadin gurabe.

8/ Ni na raka ta, don Baba ya ce ba za ta yi tafiyar ita kaɗai ba. Wuri na farko aka ce an cika. Muka ce yaushe aka buɗe? Aka kalle mu kamar mun yi saɓo. Na biyu aka karɓi wasiƙar aka ce a dawo bayan mako biyu. Muka dawo, wasiƙar ta yi ɓatan dabo. Na uku aka ce akwai kuɗin da ɗalibi ke biya, amma ba wanda ya nuna mana inda aka rubuta shi.

9/ Ba zan kira sunan ko ɗaya ba, don ba faɗa da mutum nake ba. Ma'aikatan da muka tarar ma aiki ya yi musu yawa, wasunsu har haƙuri suka ba mu. Amma a makon da aka ce mana an cika, wata 'yar ajinsu ta samu a wurin, bayan kawunta ya ɗaga waya. Yarinyar ba ta yi laifi ba. In ƙofa ɗaya ce a buɗe, ta nan kowa zai bi.

10/ Daga ƙarshe Yaya ta samu, ta hannun wani malaminta da ya ji tausayinta. Allah Ya saka masa da alheri. Sai lissafi ya fara: ɗaki na wata uku a birni, kuɗin mota kullum, abinci, ga jaririnta da ta bar wa Inna. Ba alawus ko sisi. Buhunan shinkafar da Baba ya ajiye don takin rani, su aka kai kasuwar Hadeja.

11/ Abin da ya fi ci min rai kuwa, bayan duk wannan, mai duba aikinta mutum ɗaya ne a kan tarin ɗalibai, ga nasa majinyatan, ga taro. Ta ce min zaman da suka yi su biyu a kan aikinta bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Ranar ƙarshe aka jera littattafan aiki aka sa hannu. Ta dawo gida da takarda, tana cewa ita dai ba ta san ko ta iya ba.

12/ To ga ra'ayina, kuma a kansa nake: yadda ake rabon gurbin horon nan yana tace mutane tun kafin a duba ƙwazonsu. Yana tace marar uwa a gindin murhu, yana tace marar kuɗin haya, yana tace mace mai goyo. Waɗanda ake tacewar kuwa su ne suka fi yiwuwar komawa garuruwa irin namu su zauna.

13/ Matsala ta farko ɓoyo ce. Gurbin horo a asibitin gwamnati dukiyar jama'a ce, kamar gurbin shiga jami'a. JAMB da duk ƙorafin da muke yi a kanta, aƙalla ka san ranar rajista, ka san makinka. Me ya hana asibiti ya manna takarda ɗaya: gurabe kaza, daga wata kaza zuwa kaza, ga sharuɗɗa, ga kuɗi in akwai, ga ranar sakamako?

14/ A Amurka akwai ƙungiyar APPIC da ke haɗa ɗaliban digirin digirgir da wuraren horo na shekara guda. Ɗalibi ya cike takarda ɗaya ta intanet, a yi masa ganawa, ya jera wuraren da yake so, su ma su jera ɗaliban da suke so, kwamfuta ta haɗa, sakamako ya fito rana ɗaya a watan Fabrairu.

15/ Su ma sun sha fama da ƙarancin gurabe a shekarun baya, ba aljanna ba ce. Amma wanda bai samu ba ya san an duba takardarsa. A Ingila kuwa mai koyon aikin masanin halayya na asibiti albashi hukumar lafiyarsu ta NHS ke biyan sa har shekara 3. Ban ce mu kwafo komai ba. Allon sanarwa dai bai fi ƙarfinmu ba.

16/ Matsala ta biyu kuɗi ce. Ɗalibin da ke horo aiki yake yi. Yana ɗaukar tarihi, yana zama da iyalan majinyata, yana rage wa ma'aikata layi. Likitan da ya gama makaranta ana biyan sa a shekarar horonsa, haka mai harhaɗa magunguna. Ko ɗan SIWES akwai ɗan abin da aka ce ITF za ta ba shi. Mai koyon jinyar zuciya shi ne zai sayar da shinkafar babansa?

17/ Matsala ta uku, wadda ta sa na buɗe zaren: wuri. In ka lissafa inda ɗan Arewa ke samun irin wannan horo, za ka ji Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Jigawa asibitin ƙwaƙwalwa na jiha yana Kazaure, can ɗaya gefen jihar. Mu muna gabas.

18/ Wuraren nan suna da muhimmanci, kada a juya min magana. A can za ka ga ciwo mai tsanani, ka koyi gane wanda magana kaɗai ba za ta yi masa ba, sai magani. Duk mai ba da shawarar da bai taɓa ganin wannan ba haɗari ne. Amma wanda ya isa can, yawanci an riga an sha yawo da shi: gida, malam, mai magani, wani sa'in har da mari a ƙafa.

19/ Aikin mai ba da shawara yana farawa tun kafin nan da nisa. Yana farawa daga mutumin da har yanzu yana zuwa masallaci, yana gaisawa, amma ya daina barci. Irin wannan ba zai hau mota zuwa Kano don ya ce zuciyarsa ba daɗi ba. In ya yi nisa ya je shagon magani ya ce a ba shi na ciwon kai.

20/ Ku zo Baturiya ku gani. Duniya ta san mu da tsuntsaye, tun 2008 dausayinmu ke cikin jerin Ramsar, baƙi na zuwa da kyamara. Mu kuma mun san kanmu da kachala da ta toshe hanyoyin ruwa, da jan baki da ke kwana a cikinta ya wayi gari a gonar shinkafa, da ambaliya, da zaman ɗar-ɗar tsakanin manomi da makiyayi in kaka ta yi.

21/ Bayan ambaliyar 2022 na san wani dattijo a unguwarmu da ruwa ya cinye gonarsa ana saura makonni a yi yanka, ga bashin taki a wuyansa. An kawo tallafi, an raba tabarma da masara, Allah Ya saka. Shi kuwa ya daina fita majalisa. Yana zaune a zaure, in ka gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Mutane suka ce tsufa ne. Ni yanzu na san sunan abin a littafi, amma ban iya zama da shi ba.

22/ Ku tuna Majiya a ƙaramar hukumar Taura, Oktoban 2024, da tankar mai ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu. An yi jana'iza, an yi jaje, an kai masu ƙuna asibiti. Waɗanda suka tsaya suna kallo ba su iya ceton ɗan'uwansu ba fa? Uwar da ta rasa biyu ko uku a dare ɗaya fa? Wa aka horar don ya zauna da su bayan sadakar arba'in?

23/ Sannan ga harshe. Littattafanmu da takardun gwajinmu da Turanci suke. Amma ba wanda zai zo ya ce miki yana da abin da littafi ya kira shi. Zai ce ƙirjina ya yi nauyi. Kaina yana zafi. Tunani ya yi min yawa. Wani abu na yawo a jikina. In ba a horar da kai a inda ake faɗin haka ba, sai ka tura shi gwajin zazzaɓi.

24/ Ga kunya kuma. Matar da ɗanta na fari ya rasu, wadda tun yana raye ba ta kiran sunansa, ta yaya za ka tambaye ta baƙin cikinta? Amaryar da surukarta ta rako ta, wa zai ce wa Hajiya ta ɗan jira a waje ba tare da an ɓata zumunci ba? Yaushe "sai haƙuri" ke sanyaya zuciya, yaushe yake rufe baki? Wannan ba ya cikin manhaja. A gaban mutane ake koyon sa.

25/ Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi: wa zai duba aikinka a Hadeja? Gaskiya ne. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wasu ma suna ta ficewa waje. 'Yan ƙalilan ɗin da suka rage suna manyan birane.

26/ Kuma na yarda ɗari bisa ɗari: tura ɗalibi ƙauye shi kaɗai ba mai duba shi zalunci ne, a kansa da kan jama'a. Mutum ya buɗe maka cikinsa, ka rasa yadda za ka rufe, ka tafi ka bar shi a haka, gara ma ba ka taɓa ba. Don haka ba cewa nake a watsa mu cikin karkara a ce Allah Ya taimaka ba.

27/ Abin da nake cewa a raba horon biyu. Kashi na farko a babban asibiti, a ga mai tsanani, a koyi iyaka. Kashi na biyu a babban asibitin gari kamar Hadeja, ko cibiyar lafiya matakin farko, ko sakandare, ɗalibai biyu-biyu, da mai duba aiki sananne: waya ko bidiyo duk mako, ziyara ido da ido duk wata, da lambar da za a kira in an ga haɗari.

28/ Kafin a ce mafarkin ɗan aji huɗu ne, a Najeriyar nan aka fara irin wannan tunanin. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta. Majinyaci ya zo da ɗan'uwansa, su sauka a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, a yi jinya da rana, a kwana cikin jama'a. Har da masu maganin gargajiya ya yi aiki.

29/ Duniya ta zo ta koya daga Aro, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Sama da shekara 70 ke nan. Mu jikokin wannan tunanin muna yawo da wasiƙa daga ofis zuwa ofis.

30/ A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, zama 6, ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Binciken da suka wallafa a mujallar JAMA a 2016 ya nuna abin na aiki. Ciwon ma a harshen Shona sunansa kufungisisa, wato yawan tunani. Kamar daga bakin Inna.

31/ In kaka mai benci za ta iya da kulawa, ɗalibin digiri na biyu ba zai iya a Kafin Hausa da kulawa ba? Sirrin duka biyun ɗaya ne: akwai babba a tsaye. Abin da za a saya da kuɗi lokacin mai duba aiki ne, ba sabon gini ba.

32/ Dokoki ma sun zo. A 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar kula da masu aikin ba da shawara. A Janairun 2023 aka samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 da muka gada daga Turawa. Madalla. Amma doka ba ta zama da mai kuka. Mutum ke zama, kuma sai an koya masa.

33/ Don haka ga roƙona. Ga sassan jami'o'i: ku daina sallamar ɗalibi da wasiƙa kawai. Ku ƙulla yarjejeniya a rubuce da wuraren horo kafin ku ɗauki ɗalibai. In gurabe 15 kuke da su, kada ku ɗauki 60. Sashen da ya karɓi kuɗin makaranta, shi ke da alhakin gurbin.

34/ Ga asibitoci: ku fitar da adadi da rana da sharaɗi a fili. Ku ƙayyade yawan ɗaliban da mutum ɗaya zai duba. Ku rage masa wani aikin don ya samu sa'ar zama da su, a kuma biya shi. Kyautatawar mutum ɗaya ba za ta riƙe tsari ba, ranar da ya gaji komai ya tsaya.

35/ Ga gwamnatin Jigawa: jihar nan ta saba ɗaukar nauyin ɗaliban likitanci har ƙasashen waje, da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida. A yi ƙaramin irinsa a nan. Alawus na wata shida, ɗaki a harabar asibiti, kuɗin motar mai duba aiki. A madadinsa a yi wa jiha aiki na shekara biyu. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutse, muna da ta Sule Lamido a Kafin Hausa. Akwai inda za a jingina abin.

36/ Ga mu ɗalibai, don mu ma ba mu fita ba. Kafin ka karɓi wuri, yi tambaya uku: wa zai duba aikina, sau nawa a mako, kuma mutum nawa zan zauna da su da kaina? Sunan asibiti a takarda ba ya koya maka komai. Ƙaramin wuri da malami mai lokaci ya fi babban wuri da za ka wuni a baranda kana latsa waya.

37/ Kuma don Allah mu bar cike littafin aiki da sa'o'in da ba mu yi ba. Na san ana yi, kun san ana yi. Wanda ya ƙara sa'a a takarda, gobe wata za ta zauna gabansa ta ce ta gaji da rayuwa, a lokacin babu sa hannun da zai cece shi. Amana ce, za a tambaye mu.

38/ Wani abokina ya ce min, kai da kake ta Baturiya Baturiya, wa zai faɗa maka sirrinsa a garin da kowa ya san babanka? Ya yi gaskiya, na sara masa. Masarautar Hadeja ƙananan hukumomi 8 ce. Ɗan Kiri Kasamma ya je Auyo, ɗan Birniwa ya je Kaugama, 'yar Guri ta je Malam Madori. Harshe ɗaya, al'ada ɗaya, amma ba ɗan gidan wane ba.

39/ Wani kuma ya ce ai muna da malamai da dattawa, su ke wannan aikin tun kaka da kakanni. Haka ne, kuma ba gasa muka zo yi ba. Limamin unguwa ya riga ni jin wanda ya daina barci. In na yi horo kusa da shi, zai san lokacin da zai ce je ka wurin yaron nan, ni ma in san lokacin da zan ce je ka wurin malam, ko maza a tafi asibiti. Wannan sabon ba ya ƙulluwa daga nesa.

40/ Yaya yanzu tana birni. Wata ƙungiya ce ta ɗauke ta, ta hanyar mutanen da ta sani lokacin horo, don inda ka yi horo nan ake sanin ka, nan aiki ke samun ka. Ban ga laifinta ba, tana da yaro, ga bashin shinkafar Baba. Amma lokacin da ta fara karatun nan, Hadeja ta ce za ta dawo.

41/ Dattijon unguwarmu yana nan a zaurensa. Da na je hutu na zauna kusa da shi bayan la'asar, muka yi shiru tare, don iyakar abin da na iya ke nan. Ina so in iya fiye da haka, kuma ina so a koya min yadda ya kamata, ba sai kawuna ya san wani ba.

42/ Wanda ya bi ta wannan hanya, ya faɗa mana yadda ya samu gurbi da sau nawa aka duba aikinsa, ba tare da sunan majinyaci ko ma'aikaci ba. In da malamin sashe ko ma'aikacin asibiti a nan, ina na yi kuskure? Ku gyara min, ɗalibi ne ni. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na jiki da na zuciya. 🙏🏾